Eriyar mota mai tashi da kanta: yadda ake gane matsalarta kafin a kashe kuɗi

Duk wanda ya taɓa kunna rediyon FM a wayar salula ya san galibi ba ta kama tasha sai an soka mata iyafis. Dalili shi ne igiyar iyafis ɗin ce eriyarta. A mota kuwa sandar ƙarfe ce ke wannan aikin, kuma a motoci da yawa na shekarun 1980 da 1990, irin su Mercedes 190 da V-boot da wasu Honda Accord da Toyota Camry, sandar da kanta take fitowa idan an kunna rediyo, ta koma idan an kashe. Har yanzu waɗannan motocin suna kan titunanmu, amma da wuya a ga wadda eriyarta ke aiki. Masu motar da dama suna sayen sabon inji sukutum, alhali abin da ya lalace bai wuce igiyar roba ɗaya ba.

Yadda take aiki

A ƙarƙashin sandar, galibi a gefen but, akwai ƙaramin injin lantarki mai aiki da volt 12. Injin yana juya giya, giyar kuma tana tura wata doguwar igiyar roba mai haƙora wadda ke maƙale da kan sandar. Idan igiyar ta miƙe sai gaɓoɓin sandar su fito ɗaya bayan ɗaya, idan injin ya juya baya sai igiyar ta naɗe a cikin wani faifai.

Tsawon sandar ba don ado ba ne. Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 87.5 da 108. Tasha kamar Freedom Radio ta Kano da ke kan 99.5, tsawon zangon siginarta kusan mita 3 ne, kuma eriya ta fi kamawa idan tsawonta ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan, wato kimanin santimita 75. Shi ya sa eriyar da ta maƙale a rabi take kawo shuuu da zarar an fita gari.

Wayoyin wuta uku ne ke shiga injin: ɗaya tana kawo wuta daga batir a kowane lokaci, ɗaya tana haɗe da jikin mota, ta ukun kuma daga rediyo take zuwa, ita ce ke ba da umarnin tashi.

A saurara kafin a taɓa komai

Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ɗaya ya kunna rediyo, ɗaya ya tsaya kusa da eriyar ya kasa kunne.

Idan ana jin ƙugin inji amma sandar ba ta motsi, injin lafiyarsa ƙalau. Igiyar robar ce ta tsinke ko haƙoranta suka cinye. Wannan ita ce matsalar da aka fi samu, kuma sandar kaɗai za a canja, domin tare da igiyarta ake sayar da ita.

Idan sandar tana tashi ta tsaya a hanya, ko dai datti ya cika gaɓoɓinta, ko ta lanƙwashe.

Idan shiru ake ji, sai a fara duba fiyus. In lafiya yake, mai rewaya ya auna ko wuta tana isa injin. Sai an tabbatar wuta na zuwa amma bai motsa ba, sannan a ce injin ya mutu.

Idan kuwa injin ya ci gaba da ƙugi bayan an kashe mota, a zare soket ɗinsa nan take, don zai iya shanye batir kafin gari ya waye.

Akwai kuma matsalar da ke biyo bayan sa sabon rediyo mai Android. A yawancin irin waɗannan rediyoyin, shuɗiyar waya ita ce ta eriya, shuɗiya mai ratsin fari kuma ta amfilifaya ce. Idan mai haɗawa ya manta da shuɗiyar, eriya ba za ta tashi ba sam. Idan ya haɗa ta da mai ratsin fari, za ta tsaya a miƙe muddin rediyon na kunne, ko da ta Bluetooth ake jin waƙa.

Yadda ake canja sandar

Ana samun sandar a kasuwannin kayan gyaran mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Gara a tafi da tsohuwar, saboda kaurin sanda da girman haƙoran igiya sun bambanta daga mota zuwa mota.

Da farko a kwance notin da ke gindin eriyar daga waje, a rufe fentin wurin da tsumma kada ya karce. Sai a kunna rediyo, a riƙe sandar ana janta a hankali har ta fito tare da igiyarta. A lura da ɓangaren da haƙoran suke kallo, gaban mota ko bayanta, domin haka za a sa sabuwar.

Daga nan a jera igiyoyin biyu a gwada tsawonsu. Idan tsohuwar ta gaza, guntunta yana cikin faifai, kuma dole a sauke injin a buɗe a cire shi. Wanda ya tsallake wannan mataki, sabuwar sandarsa ba za ta shige duka ba.

Sai a zura sabuwar igiyar cikin ramin har ta tokare, a sa wani ya kashe rediyo. Injin zai kama ta ya ja, mai riƙe da sandar ya bi ta da hannu har ta zauna. A ɗaure noti, a kunna a kashe sau uku ko huɗu don ta daidaita.

Yadda za ta daɗe

Babban abokin gabar wannan eriya shi ne ƙura, musamman ta hunturu. Duk lokacin da aka wanke mota, a tashe ta a goge da tsumma mai ɗan danshi, a busar, sannan a fesa mata ɗan man silikon a sake gogewa. Kada a shafa mata giris ko baƙin mai, domin suna kama ƙura su zama taɓo, injin ya riƙa ja da ƙarfi har haƙoran igiya su cinye.

Kada a danna ta da hannu don ta koma. A kashe rediyo kafin a lulluɓe mota da tamfol ko a bi ta ƙarƙashin rassan bishiya. A gindin injin akwai siririn tiyo da ke fitar da ruwan da ya bi sandar ya shiga. Kafin damina a duba kada ya toshe, domin ruwan da ya kwanta a ciki shi ke sa injin tsatsa, kuma idan tsatsa ta kama shi, canja sanda ba zai ƙara amfani ba.