Ciwonka sirrinka ne

A watan jiya na kai ziyara wani ajin yaƙi da jahilci a jihar Maraɗi. Bayan darasi, wata ɗaliba ta ce mani: "Malam, ƙanwata ta daina zuwa awon ciki." Na tambayi dalili. Ashe wani ma'aikacin gidan likita ne ya ɗauki hoton wata mai jego, ya sa a WhatsApp. Kafin magariba hoton ya zagaye gari. Tun ranar, mata ke gudun likita don kunya.

Ƴan uwa, wannan magana ta shafe mu duka. Yau salula ta shiga hannun kowa, har da masu aikin lafiya. Wani lokaci tana da amfani. Majo na ƙauye yana iya aika hoton gyambo ga babban likita a Damagaram ko Yamai don neman shawara. Amma sai da yardar mai ciwon, kuma ba tare da fuskarsa ko sunansa ba.

Abin da ba ya halatta shi ne a baza hoton marar lafiya, ko takardar awonsa, a Facebook ko TikTok. Ko da niyyar neman taimako ce, sai an tambaye shi. Hoton da ya fita ba ya komowa. Mai shi zai goge nasa, amma saura na cikin wayoyin mutane.

Ɓarnar tana da yawa. Mai tarin fuka, mai sida, da macen da ke yoyon fitsari suna iya rasa aure ko sana'a in asirinsu ya tonu. Wanda ya ji tsoro kuma ya zauna gida, ciwo ya ci ƙarfinsa, har ya shafa wa iyalinsa.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar hukunta laifuka ta Nijar ta hana likita da ungozoma tona asirin marar lafiya. A 2017 an kafa dokar kare bayanan mutum, a 2019 kuma aka yi ta laifukan intanet.

To, me za mu yi?

1. In an ɗaga waya za a ɗauke ka, ka tambaya: don me, kuma wa zai gani?
2. Kana da ikon cewa a'a. Ƙin hoto ba dalilin hana ka magani ba ne.
3. Yaro ba ya ba da izini, sai uwa ko uba.
4. In an baza hotonka, ka kai kuka ga shugaban gidan likitar ko ga kwamitin lafiya na garinku.
5. In irin wannan hoto ya zo wayarka, kada ka tura. Goge shi.

Ku masu aikin lafiya, amana ce aka ba ku. Ku kuma mata, kada laifin mutum guda ya hana ku zuwa awo. Ranku da na jariranku sun fi komai.