Me Ke Hana Babur Na Hannu Tashi?

Duk wanda ya bi hanyar Chikaji da sassafe, ko ya tsaya a bakin kasuwar Sabon Gari ko ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, zai shaida cewa babur ya zama jakin wannan zamani. Shi ke kai ɗalibi makaranta, shi ke ciyar da iyalin ɗan acaɓa. Bayan cire tallafin fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, sabon babur ya gagari talaka, jama'a da dama suka koma sayen na hannu. Ranar da irin wannan babur ya ƙi tashi, sau da yawa akan yi gaggawar kwance inji, a kashe kuɗi masu yawa, alhali kuwa cutar ƙarama ce. Wanda ya san yadda injin ke aiki zai iya kauce wa wannan asara.

Yadda inji ke aiki

Babura irin su Bajaj Boxer na Indiya suna amfani da inji mai zagaye huɗu, wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera a 1876. Fistin yakan sauka ya shaƙo mai da iska, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su ƙone su tunkuɗa fistin ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Ashe ke nan abubuwa uku inji ke bukata: haɗin mai da iska, da wuta, da matsi. In babur ya ƙi tashi, ɗaya daga cikin ukun ne ya ɓace. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya, a fara da mafi sauƙi.

Mai da iska

A fara da duba tanki, a kuma tabbata famfon mai a buɗe yake. Daga nan a zare tiyon da ke kai mai kafireta. Idan mai bai zubo sosai ba, to datti ko tsatsa ta toshe hanya. Babur da ya daɗe a ajiye yakan gamu da wata matsalar: sassan fetur masu saurin tashi sun gudu cikin iska, saura ya zama danƙo ya toshe ƙananan kafofin kafireta. Ingancin man ma abin lura ne. A watan Fabrairun 2022 an gano fetur mai yawan sinadarin metanol a Nijeriya, ya kuma lalata injuna. Man kwalba na bakin hanya ma yana iya ɗauke da ruwa, wanda ya fi fetur nauyi, don haka yakan kwanta a gindin kafireta, inji ya fara zuƙo shi.

Gram ɗaya na fetur yana bukatar kimanin gram 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. A lokacin hunturu ƙura takan cika matatar iska, inji ya kasa numfashi. Sanyin asubar Disamba da Janairu kuma yakan hana fetur zama tururi da sauri. Amfanin cok ke nan: yana rage iska domin mai ya yi yawa a haɗin. Da inji ya ɗumama sai a mayar da shi.

Wuta

A kwance fulogi, a mayar da shi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, a buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi alama ce ta lafiya. Kafin ya tsallake ratar da ba ta kai milimita ɗaya ba, sai kwayil ya ɗaga wutar ta kai bolt dubu goma ko fiye. Saboda haka kada a riƙe fulogi da hannu, kada kuma a yi gwajin kusa da man da ya zube.

Launin fulogi yakan tona asirin inji. Ruwan ƙasa mai haske yana nuna ƙonewa daidai. Baƙi busasshe yana nuna mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Idan kuwa ya jiƙe da baƙin mai, zobban fistin ne suka cinye. In babu tartsatsi ko da an sa sabon fulogi, a duba makulli da wayoyi kafin a zargi kwayil, domin wayoyin tsohon babur sun sha yanka da ɗauri. Batir mai cikakken caji yakan nuna bolt 12.6 a ma'auni.

Matsi

A toshe ramin fulogi da babban yatsa, a danna kik a hankali bayan an kashe makulli. Iskar da ta ture yatsa da ƙarfi tana nuna akwai matsi. In kik ya tafi sakwa-sakwa, to iska na sulalewa ta zobba ko ta bawul ɗin da bai rufe sosai ba. Nan ne aikin bakanike ya wajaba, kuma ko a nan, saita bawul kaɗai yakan wadatar wani lokaci.

Mai niyyar sayen babur na hannu ya taɓa injin tukuna, ya nemi a tayar da shi yana sanyi, domin inji mai ɗumi yakan ɓoye aibinsa. Ya kuma lura da salansa: shuɗin hayaƙi a inji mai zagaye huɗu alama ce ta ƙona baƙin mai.

Malaman kimiyya za su iya aron tsohon fulogi da kafireta daga gareji su kai aji. Da su ɗalibi zai ga darasin ƙonewa da na lantarki da na matsin iska da idonsa. Zai kuma koyi ƙa'idar da kowane gwaji ke tafiya a kanta: a sauya abu ɗaya tak, a duba sakamako, sannan a wuce zuwa na gaba.