Kada Ku Biya Ko Dirhami Ɗaya Kafin Ku Tambayi Hukumar Lafiya ta Dubai

Tun da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sake buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar biza a watan Yulin 2024, jiragen Emirates kuma suka dawo Legas a watan Oktoba, ma'aikatan lafiyarmu suka sake ɗaura niyyar Dubai. Dillalan takardu ma ba su yi barci ba. Wannan kira nawa ga 'yan'uwa ne masu aikin gwajin ji da sanya wa mutane na'urar kunne, da masu gyaran magana, waɗanda ake bi da tallar digirin digirgir ta intanet ana ce musu da shi za su samu lasisi da babban albashi a Dubai. Ku dakata tukuna, don ramuka biyu ne a wannan hanya, kuma na biyun ya fi wuyar gani.

Na farko shi ne digirin bogi tsagwaronsa. A watan Mayun 2015 jaridar New York Times ta tona asirin kamfanin Axact da ke Karachi a Pakistan, wanda ya ƙirƙiri ɗaruruwan shafukan jami'o'in da babu su a ƙasa, masu sunaye irin na Amurka da hotunan farfesoshi na haya. Ma'aikatan ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suna cikin waɗanda aka fi yi wa ta'asa. Bayan mutum ya biya an aiko masa da takarda, sai a kira shi a waya da sunan wani jami'in gwamnati, a ce idan bai ƙara kuɗin tantancewa ba za a kore shi daga ƙasar da yake aiki. Mu ma mun ga namu a kusa: a ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi, abin da ya sa gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon 2024.

A Dubai irin wannan takarda ba ta wucewa. Duk mai neman lasisi daga Hukumar Lafiya ta Dubai, wato DHA, sai takardunsa sun bi ta hannun kamfanin DataFlow, wanda ke tuntuɓar jami'ar da ta ba da shaidar kai tsaye ya kuma duba ko hukumar ƙasarta ta san da ita. Idan rahoto ya fito da tabo, tabon ba a Dubai kaɗai zai tsaya ba, domin hukumomin lafiya na Saudiyya da Katar da sauran maƙwabta da wannan kamfani suke aiki. Sannan tun 2021 Daular tana da dokar tarayya da ta haramta amfani da shaidar karatu daga cibiyar da ba ta da lasisi, kuma hukuncinta ya haɗa da ɗauri da tara. Mutum ya sayar da fili a Kano ko Katsina ya sayi abin da zai rufe masa ƙofar aiki a yanki guda, wannan asara ce da ba ta da kan gado.

Rami na biyu shi ne karatu na gaskiya a jami'a ta gaskiya, amma wanda ba zai ba ka abin da ka je nema ba. Nan nake so a saurare ni da kyau. A Amurka an mayar da digirin digirgir na AuD shi ne matakin shiga aikin ji, kuma daga 2012 ƙungiyar masu aikin ji da gyaran magana ta ASHA ta daina ba sababbin masu nema shaidarta in ba su da digirin digirgir. Saboda tsofaffin ma'aikata masu digiri na biyu ne aka buɗe karatun cike giɓi daga nesa, irin wanda jami'ar A.T. Still ke yi a Arizona, da wanda jami'ar Salus ta Pennsylvania ta yi suna da shi kafin ta haɗe da Drexel a 2024. Masu gyaran magana kuma suna da digirin SLPD a wurare kamar jami'ar Rocky Mountain da ke Utah. Waɗannan makarantu ne masu mutunci, amma an tsara karatun ne don wanda ya riga ya yi digiri na biyu, ya yi shekaru yana duba marasa lafiya. Ƙarin ilimi ne a kan tushen da ke akwai. Ba ya mayar da mai digirin ilimin nakasassu ko ma'aikacin jinya ya zama masanin ji, kuma ba digirin bincike ba ne da kowace jami'a za ta karɓa a madadin PhD.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne ƙa'idojin cancanta na bai ɗaya da hukumomin lafiyar Daular ke aiki da su sun daɗe suna ware shaidar girmamawa da ta karatu ta wasiƙa ko daga nesa daga abin da ake ƙirgawa wajen ba da lasisi. Ana sabunta ƙa'idojin lokaci zuwa lokaci, shi ya sa maganar dillali ko ta abokin da ya samu lasisi shekaru biyar da suka wuce ba hujja ba ce. Bugun da ke aiki yau shi ne hujja.

Akwai kuma waɗanda ba a tambayar ra'ayinsu cikin wannan ciniki, su ne yaran. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. Wanda bai taɓa zama a ɗakin gwaji a ƙarƙashin idon malami ba, zai iya saita na'ura ta yi wa yaro ƙara fiye da kima, ko ya sallami uwa da cewa lafiya lau alhali yaron ba ya ji. Shekarun koyon magana idan suka wuce, dawo da su aiki ne ja.

Don haka kafin kuɗi su bar hannunka, rubuta wa DHA da sunan jami'ar da sunan shirin da yadda ake karatunsa, ka nemi amsa a rubuce. Tambayi Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi ta Daular ko za ta amince da shaidar. Duba sunan makarantar da kanka a rajistar hukumar ƙasarta, kada ka dogara da hanyar da dillali ya turo maka. Idan kana da niyyar komawa gida wata rana, tambayi hukumar MRTB da ke yi wa masu wannan sana'a rajista a Najeriya. Wanda ya ce maka rangwamen zai ƙare gobe, ko ya ce za a ba ka digiri bisa gogewar aiki ba tare da jarrabawa ba, ko ya nemi a tura kuɗi asusun wani mutum, ka yanke hulɗa da shi. Idan kuwa ka riga ka biya an aiko maka da takardar, kada ka ɗora ta a tsarin Sheryan na neman lasisin DHA, kada ka ƙara ko sisi don barazanar waya, ka adana rasit da saƙonnin ka kai ƙara ga 'yan sandan Dubai.