Dabino da Kwandonsa a Kasuwannin Madina

Kasuwar dabino ta Madina tana kudu da Masallacin Annabi (SAW), tafiyar ƙafa ce ga mai ƙarfi a jika. Shaguna ne a jere, kowanne ya tara kayansa tsibi-tsibi: ajwa baƙa wulik mai siraran layuka a fatarta, safawi, mabrum dogo mai tauri, ambar manya-manya, da sukkari da ake kawowa daga Ƙasim. Mai shago ba ya bari ka wuce haka nan. "Ya Hajji, ɗanɗana," zai ce, ya miƙo maka ɗaya a kan cokali. Da yawansu sun iya Hausar ciniki, don alhazan Najeriya da Nijar manyan masu saye ne, kuma garin na da Hausawan da a nan aka haifi kakanninsu.

In an gama ciniki, sai ka tsaya ka ga yadda ake ɗaure kayan. A zuba dabinon a leda, a zuƙe iskar da inji, a sa a kwali ko mazubin roba, a naɗe da salatif, sannan a sake jefa shi cikin wata ledar mai hannu. Kilo guda, rufi uku ko huɗu. Duk wannan tarkace zai hau jirgi, ya sauka Kano ko Yamai, a raba tsaraba, ledar kuma ta ƙare a kwata.

Abin da ke damuna shi ne, bishiyar da ta ba da dabinon ita ce da can take ba da mazubinsa. Madina garin dabino ce tun tana Yasriba. Ginshiƙan masallacin farko kututturan dabino ne, rufinsa kuma rassansa. Hadisai sun nuna Manzon Allah ya kwanta a kan tabarma har ta yi masa shaida a jiki, matashinsa kuma fata ce da aka cusa wa zaren kututturen dabino. Kasuwar da ya kafa wa Musulmi a yammacin masallaci, wadda ya hana a ƙuntata ta ko a karɓi haraji a cikinta, ita ce daga baya ta zama Manakha, filin da raƙuman ayari ke gurfana. Ɗaruruwan shekaru kayan da ke shiga da fita a wannan fili cikin kwanduna suke, da salka, da tuluna, da buhunan saƙa.

Wanda ya taɓa zama kusa da masu saƙar kaba a karkarar Katsina ko Maraɗi zai gane aikin saƙar ganyen dabino nan take. Ana yanko ganyen, an fi son farin da ke tsakiyar bishiya don laushinsa, a shanya shi, a tsage shi siri-siri, a jiƙa shi a ruwa don kada ya karye a hannu. Wanda za a yi wa ado sai a tafasa shi da rini, kore ko ja ko shuɗi. Daga nan mai saƙa ta kitsa shi doguwar ɗamara, faɗinta bai wuce yatsu uku ko huɗu ba, tana kitsawa tana take ƙarshen da ƙafa. Sai ta ɗauko basilla, ta fara ɗinke ɗamarar daga gindi tana zagayawa, har kwando ya tashi. Hannunsa igiya ce da aka tufka da zaren kututture. Da wannan ɗamarar ake yin zambil na cefane, da kuffa ta ɗaukar dabino, da faffaɗar sufura da ake shimfiɗawa a ci abinci, da mafici, da marfin kwano irin faifanmu.

Tsohuwar kasuwar Suwaiƙa, inda ake samun irin waɗannan kaya, ta ƙone a 1977, kuma faɗaɗa masallaci da aka yi a zamanin Sarki Fahad ta haɗiye kusan dukan tsohon gari. Yau mai neman kwandon ganyen dabino sai ya bi titin masu tafiya a ƙasa da ya haɗa Harami da Masallacin Ƙuba, ko shagunan kayan gargajiya, ko bukukuwan sana'o'in hannu, inda mata dattijai ke zama suna saƙa a gaban jama'a. Hukuma ta waiwayi sana'ar. UNESCO ta sa ilimin dabino da sana'o'insa cikin gadon al'adun duniya a 2019, Saudiyya na cikin ƙasashen da suka nema, Saudiyya kuma ta ware 2025 a matsayin shekarar sana'o'in hannu. Na yi murna da haka, amma ina ganin kwandon ya koma kayan ado, ana rataye shi a bango ana ɗaukar hoto, alhali don ɗaukar kaya aka saƙa shi.

Ita ma dokar da Saudiyya ta kawo a 2017, wadda ta wajabta amfani da leda mai rugurgujewa, ba ta kai ga tushen matsalar leda ba. Irin wannan leda dagargajewa take yi ta zama ƙananan ɓurɓushi, shi ya sa Tarayyar Turai ta haramta ta tun 2021.

Kwando yana da iyakarsa, gaskiya ce. Ɗanyen dabino mai laushi na lokacin zafi sanyi yake so, in ba haka ba ya yi tsami. Damina irin tamu tana sa kaba fumfuna in an ajiye ta a ƙasa, gara ma ba ta raga mata. Kuma aikin hannu ya fi roba tsada. Amma busasshen dabino kamar mabrum da safawi, in aka shimfiɗa tsaftataccen ƙyalle a adudu mai marfi aka zuba shi, aka ɗora a kan kanta inda iska ke ratsawa, yana daɗewa lafiya lau. Haka albasa da tafarnuwa da busasshen barkono, waɗanda leda ke sa su gumi su ruɓe. Tufafi ma a lefen kaba kakanninmu suke adana su.

Hajiyar da ta ware wani abu daga guzurinta ta sayi zambil ɗaya a titin Ƙuba za ta iya zuwa da shi kasuwar dabino, ta ce a auna mata a zuba a ciki. Mai shago zai auna, don dabinon a buɗe yake a gabansa. Zambil ɗin ba shi da nauyin da zai ci awon kaya a filin jirgi, kuma in ɗinkinsa ya warware bayan shekaru, duk mai saƙar kaba a kasuwar Kurmi ta Kano zai iya gyara shi.