'SOLID': Kalmar da ke jikin lambar motar Nasarawa da tarkon da take ɗana wa masu fassara

Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Lafiya, ta Keffi da Akwanga, ba zai rasa ganin kirarin Jihar Nasarawa a jikin lambobin motoci ba: "Home of Solid Minerals". Kalmar farko da ta ƙarshe ba su da wuyar sha'ani, gida ne da ma'adinai. Ta tsakiyar ce ke bai wa masu fassara ruwa, har wasu ke tsallake ta gaba ɗaya, wasu kuma su ce "daskararrun ma'adinai".

A ma'anarta ta zahiri, "solid" sifa ce ta abin da ke da jiki tsayayye, wanda ba ruwa ba ne, ba kuma iska ba. Haka ake koya wa yara a ajin kimiyya, kuma ƙasar Nasarawa ta cika wannan sharaɗi: akwai gawayin ƙasa a yankin Lafiya da Obi, akwai farin dutsen barayit a Azara, ga kuma lithiyom da ya jawo kamfanonin ƙasar Sin, har aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Ƙaramar Hukumar Nasarawa cikin watan Mayun 2024. Gishirin Keana da Awe ma yana cikin lissafi, ko da yake da ruwa yake farawa, sai mata sun tace sun dafa kafin ya daskare.

Amma a bakin gwamnati kalmar ta ɗan sauka daga wannan ma'ana. Gwamnatin Janar Sani Abacha ce ta kafa ma'aikata mai ɗauke da wannan suna a 1995, shekara guda kafin ta yanko Nasarawa daga Filato a ranar 1 ga Oktoban 1996, kuma manufar ita ce a bambanta sauran arzikin ƙasa da man fetur. Dokar Ma'adinai da Haƙar Ma'adinai ta 2007 ta fito da abin fili: ma'adini a wurinta na iya zama daskararre, ko ruwa, ko iska, in dai ba fetur ba ne. Shi ya sa kwaltar da ke kwance a Jihar Ondo, duk da danƙonta, take ƙarƙashin ma'aikatar da aka ɗora Dele Alake a kanta a 2023, alhali rijiyar neman mai ta Ebenyi da aka ƙaddamar da haƙarta a Obi cikin Maris na wannan shekarar tana bin Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021. Ƙasa ɗaya ce, amma hukumar da ke ba da lasisi daban. Hadimin da ke rubuta wa maigidansa takarda kan wannan batu ya fi kusa da gaskiya idan ya ce "ma'adinan da ba man fetur ba".

Wannan duk a zahiri ke nan. Inda gizo ke saƙar shi ne ma'anar aro, wadda ta cika jawaban siyasa da takardun ofis. Bature ya ɗauki sifar dutse, ya ɗora ta a kan duk abin da ake iya dogaro da shi, ya bar kalma ɗaya tana aikin kalmomi biyar ko shida. Hausa kuwa ba ta yarda da wannan rowar ba, kowane muhalli da kalmarsa. Idan mai bincike ya ce yana da "solid evidence", ƙwaƙƙwarar hujja yake nufi. "Solid support" cikakken goyon baya ne wanda ba ɓaraka a cikinsa. Wanda ya jira minista "three solid hours" ya shafe awa uku cur a zaune. "Solid gold" zinariya ce zalla, ba wadda aka shafa wa ruwan zinariya ba. Shi kuwa "solid waste" da hukumomin tsaftar muhalli ke yawan ambata, shara ce kawai, ba sai an nemo mata wata babbar riga ba.

Haɗarin yana ƙaruwa idan mutum ake sifantawa. A Turance yabo ne a ce ɗan takara "solid" ne, wato tsayayye, mai tushe, wanda ba a kayar da shi cikin sauƙi. Amma wanda ya fassara shi da "daskararren ɗan takara" ya zagi ubangidansa a bainar jama'a, domin a kunnen Bahaushe abin da ya daskare ya daina motsi ne. "Sandararre" ya fi muni, da gawa ake danganta shi. Akwai kuma wani ɓoyayyen zance da ya kamata ma'aikaci ya sani: idan shugaba ya rubuta cewa aikin wani "solid" ne ya tsaya a nan, sau da yawa yana nufin aikin ya inganta amma bai kai a yi masa tafi ba.

Kada a ɗauka wannan ɗabi'ar Turanci ce kaɗai. Mu ma muna cewa ɗanyen nama da ɗanyen mai, sannan mu juya mu ce ɗanyen aiki da ɗanyen hukunci, ba tare da kowa ya tambayi wutar da za ta dafa hukuncin ba. Baƙon da ke koyon Hausa zai yi tuntuɓe a kan "ɗanye" kamar yadda namu ke yi a kan "solid".

Asalin kalmar daga Latin yake, "solidus", kuma da wannan suna aka kira kuɗin zinariyar da Sarkin Rum Kustantin ya buga a farkon ƙarni na 4. Daga sunan kuɗin aka samu lafazin albashin mayaƙa a tsohon Faransanci, daga nan Ingilishi ya samu "soldier", wanda Hausawa suka lanƙwasa ya koma soja. Daga tushen nan dai "solidarity" ta fito, kalmar da 'yan ƙwadago ke ɗaga murya da ita ranar yajin aiki. Ma'aikacin tarayya kuma yana haɗuwa da 'yar uwarta duk ƙarshen wata, domin haruffan "CON" da ke farkon CONPSS taƙaitawar "consolidated" ce, wato albashin da aka dunƙule shi da alawus-alawus ya zama curi guda.