Shayin Caina da Tukunyar Ƙasa

Makwabciyata a Unguwar Rimi ta shigo da wata leda da ƙaninta ya kawo mata tsaraba daga Guangzhou. A ciki akwai busassun furanni, da yankakkun saiwoyi, da wasu jajayen 'ya'yan itace. Rubutun jikin ledar duk na Sinanci ne. Tambayarta ɗaya: "Malam, da madara ake sha ko haka nan?"

Kalmar shayi ce ta ruɗe ta. A wurinmu shayi shi ne abin da mai shayi ke tsiyayawa a bakin tashar Kawo, a haɗa da burodi. Abin da ke cikin ledar nan kuwa magani ne, ɗan'uwan jiƙo da sassaƙen da kakanninmu suka sani. A ƙasar Sin likitan gargajiya ne ke duba mutum, ya auna kowane ganye a ma'auni, ya haɗa masa nasa shi kaɗai. Haɗin da aka yi wa wani, ba lallai ya karɓi jikin wani ba.

Dahuwar iri biyu ce. Fure da ganye mai laushi ba a tafasa su. Ruwan zafi ake zubawa, a rufe minti 5 zuwa 10, a tace. Saiwa da ɓawo da ƙwaya kuwa sai an jiƙa su a ruwan sanyi kamar rabin awa, a ɗora a wuta har ya tafasa, sannan a rage wuta ya ci gaba da dahuwa a hankali minti 20 zuwa 30. Akan tace, a ƙara ruwa a sake dafawa, a haɗa na farko da na biyu. Ganye mai ƙamshi irin na'a-na'a ana jefa shi ne daf da saukewa, don man da ke cikinsa yana bin tururi. Sinawa sun fi son tukunyar ƙasa, domin ƙarfe da alminiyom kan yi mu'amala da sinadaran saiwa. A nan dai mun yi sa'a, tukunyar ƙasa ba ta wuya a Kasuwar Barci.

Kada a ɗauka lissafin mintocin nan iyayi ne. Saiwar da suke kira fuzi guba ce sosai, doguwar dahuwa ce ke karya dafinta. Ganyen qinghao kuma, dangin tazargade, zafi ne ke lalata amfaninsa. Wata masaniyar kimiyya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta gane haka ne daga wani tsohon littafi da ya ce a jiƙa shi a matse ruwan, ta ciro sinadarin da ake maganin zazzaɓin cizon sauro da shi a yau, har ta sami kyautar Nobel a 2015. Wani ganyen wuta yake so, wani kuma wuta ce ajalinsa. Wanda bai san sunan abin da ke hannunsa ba, ta yaya zai san wanne ne?

Babban haɗarin ma yana nan ne, a wajen suna. A farkon shekarun 1990, wani asibitin rage ƙiba a Burasel ta ƙasar Beljiyam ya ba mata haɗin da aka yi kuskuren saka wata saiwa a madadin wata, saboda sunayensu na Sinanci sun yi kama. Fiye da mata 100 ƙodarsu ta lalace, wasunsu daga baya suka kamu da kansar mafitsara. Ganyen ma huang, mai sa zuciya gudu da hawan jini, Amurka ta hana sayar da shi a matsayin ƙarin abinci a 2004. Saiwar gan cao mai zaƙi, wadda ke cikin haɗe-haɗe da dama, tana ɗaga jini idan aka daɗe ana sha. Shayin rage tumbi da ake tallatawa kuwa, sau da yawa dangin filasko ne a ciki. Gudawa ce kawai, ruwan jiki ya zube, mutum ya hau sikeli yana murna.

Saboda haka, kafin a ɗora tukunya a duba kwali. In akwai lambar NAFDAC, da sunayen ganyayyaki da Turanci, da ranar daina aiki, to an sami mafari, kodayake lambar ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk cututtukan da mai talla ya lissafa. A fara da rabin kofi, a jira kwana guda. Ƙaiƙayi, bugun zuciya, jiri, amai, ko idanu su yi rawaya, duk alamu ne na a dakata a nufi asibiti tare da ledar. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da ƙananan yara, da mai ciwon ƙoda ko hanta, da mai shan maganin hawan jini, sukari ko na tsinka jini, kada su kusance shi sai likita ko mai harhaɗa magunguna ya gani.

Ita dai makwabciyata, na ce mata: "Hajiya, a kira ƙanin nan ya nemo sunayen abin da ke ciki tukuna." Har yanzu ledar tana saman kabad ɗinta, ba a kwance ba.