Tsohon Kuɗi Mai Ƙyalli: Ya Kai Kuɗin Da Aka Sa Masa?

Jama'a, a 'yan shekarun nan tsofaffin tsabar kuɗi sun zama haja. Ana kasa su a kasuwanni, ana kuma tallarsu a Facebook da WhatsApp: kwabo mai huji, ɗari, anini, taro, sisi, sule, fataka, har da liyari. Galibinsu za ka gan su fes suna ɗaukar ido, mai sayarwa kuma ya yanka kuɗi mai tsoka, yana cewa, "Dubi yadda yake kamar sabo." Wasu 'yan'uwa kan zuba abin da suka tara don kuɗin makarantar yara, da fatan cin riba nan gaba. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wannan bayani. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, a wajen masu tara tsofaffin kuɗi, gugar kwabo rage masa daraja take yi.

Ga dalili. Lokacin da aka buga kwabo a ma'aikata, ƙarfin bugun yakan bar wa fuskarsa wani sheƙi na asali. Da shekaru suka tura, iska da hannun mutane su sa masa launi, azurfa ta yi duhu-duhu, tagulla ta koma ruwan ƙasa. Wannan fatar ita masu tarawa ke biya wa kuɗi. Idan aka sa toka, ko lemun tsami, ko tsamiya, ko man goge ƙarfe irin su Brasso, ana kankare saman ƙarfen ne, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. A Amurka akwai kamfanoni biyu sanannu, PCGS da NGC, masu auna lafiyar kwabo su ba shi maki daga 1 zuwa 70. In suka ga alamar guga, ba sa ba shi maki. Sai su rubuta a jikin marufinsa cewa an wanke shi, farashinsa kuma ya faɗi.

To, yaya za a gane? Da farko a fita da kwabon hasken rana, a karkata shi sannu a hankali. Gogaggen kwabo yakan nuna siraran layuka kamar gashi, da yawa, suna bin hanya ɗaya. Na biyu, a dubi gindin haruffa da lambobin shekara. In fili ya yi tas amma dauɗa ta maƙale baƙi ƙirin a lungunan rubutu, tsumma ya bi ta kai. Na uku, a gwada ƙyallin da cinyewar. Kwabon da gashin sarki ko kambinsa ya shafe saboda yawo a hannu, amma yana walƙiya kamar madubi, akwai magana. Na huɗu, launi: tagullar da ta sha tsami takan yi ja-ja mara kyau, azurfa kuma ta yi fari fat, ba rai. A kuma duba baki ko akwai tabon walda, gama mata sun daɗe suna maƙala liyari da sulalla a sarƙa. Duk wannan ba ya yiwuwa ta hoto, saboda haka kada a yi cinikin biri a sama.

In an tabbata an goge, ba a ce kwabon ya zama banza ba. Sai a zauna a yi lissafi, a fara daga ƙarfen. Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda Turawan Ingila suka kafa a 1912, ta fara fitar da taro, sisi, sule da fataka a 1913. Daga 1913 zuwa 1919 azurfarsu kashi 925 ce cikin 1,000. A 1920 aka rage ta zuwa rabi, a cikin shekarar kuma aka koma buga su da farar tagulla mai ruwan ɗorawa. Wato sulen 1915 mai nauyin giram 5.66 yana ɗauke da azurfa zalla wajen giram 5.2, fataka kuma ninkin haka. Amma sulen 1938 ko 1947 ba ɗigon azurfa a cikinsa, kome ƙyallin da ya yi. Kwabo, ɗari da anini masu huji kuwa ba a taɓa yin su da azurfa ba.

Liyari ma haka. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, azurfarsa kashi 833 cikin 1,000, wato zalla wajen giram 23.4. A tambayi maƙerin farfaru nawa giram na azurfa yake a ranar, a ninka da 23. Abin da ya fito shi ne gindin ciniki. Kada shekarar 1780 da ke jikinsa ta ruɗe mu. A shekarar ce sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya ta rasu, aka kuma ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara ba canji, a Biyana, da London, da Roma, da Bombay, har miliyoyi ɗari-ɗari. Liyarin da aka goge, in ba wani bugu ne na musamman ba, kuɗinsa bai kamata ya yi nisa da kuɗin azurfarsa ba.

Mataki na gaba shi ne ƙarancinsa. Tsufa daban, ƙaranci daban. Misali, ana yawan kururuta kwabo mai huji na 1936 mai sunan Sarki Edward na 8, wanda ya sauka daga gadon sarauta a watan Disamba na shekarar. Gaskiya ne labarinsa na da daɗin ji, amma an buga shi miliyoyi, kuma mutane da yawa sun adana. Wanda aka goge a cikinsu ba abin fasa asusu ba ne. A nemi ƙaramin harafi a jikin kwabo: H na nufin ma'aikatar Heaton, KN kuma King's Norton, dukansu a Birmingham. Shekara ɗaya da harafi dabam kan iya bambanta farashi. Kuɗin Nijeriya na 1959, waɗanda naira da kwabo suka maye gurbinsu a 1973, su ma suna da yawa ƙwarai.

Daga nan sai a nemi farashin da aka sayar da irinsa wanda ba a taɓa ba, mai cinyewa daidai da nasa. Mu lura, farashin da aka biya muke nufi, gama kowa na iya sa wa kayansa kuɗin da ya ga dama. Gogagge dole ya zauna ƙasa da wannan, ya kuma zauna sama da kuɗin ƙarfensa ko daidai da shi. In kwabon na kowa da kowa ne, a haƙura a jira mai lafiya. In kuwa da wuya a same shi, ana iya saye, amma da ragi mai kauri, tare da sanin cewa ranar sayarwa mai saye zai nemi wannan ragin daga gare mu. A kuma tambayi mai kaya kai tsaye ko an wanke. Yadda ya amsa zai nuna irin mutumin da ake ciniki da shi.

Daga ƙarshe, ga waɗanda suka gaji irin kuɗin nan a ƙasan adakar kaka: a bar su yadda suke. A riƙe su ta baki, kada yatsa ya hau fuska, a naɗe kowane ɗaya a takardarsa, a ajiye inda ba laima. Ranar da za a sayar kuma, in an taɓa goge su a baya, a faɗa wa mai saye tun kafin ya tambaya.